Yadda Ake Tara Tsofaffin Injinan Lissafi Masu Hannu

Kafin kalkuleta mai batir ta shiga aljihun kowa, lissafin bankuna da na albashi da na 'yan safiyo duk a kan injin ƙarfe ake yin sa. Ka saita lamba, ka juya hannu, haƙoran ƙarfe su ciji juna, amsa ta fito a taga. An shafe fiye da shekara 120 ana ƙera waɗannan injina a masana'antu, daga 1851 har zuwa shekarun 1970, sannan lantarki ya zo ya share sana'ar cikin ɗan lokaci. Ragowarsu ne masu sha'awa ke tarawa a yau.

Shawarata ga mai son shiga wannan harka guda ce: ka tara injin da za ka iya sarrafawa da hannunka, ka kuma fahimci abin da ke gudana a cikinsa. Suna da sheƙin fenti su biyo baya. Injin da aka saya don ado kawai, mai ne zai daskare masa a ciki, ranar da wani ya zo ya murɗa shi da ƙarfi kuma shi ke nan, an yi asarar abin da ba a ƙara ƙera irinsa.

Da farko, ka san danginsu

Sunayen kamfanoni suna da yawa har su rikita mutum, amma dabarun da ke ƙarƙashin murfi 'yan kaɗan ne. Wanda ya san su, ko a hoto ya ga inji zai faɗi abin da ke cikinsa.

Na farkon farko ba na saye ba ne. Wilhelm Schickard ya tsara nasa a Tübingen ta Jamus a 1623, kuma labarinsa ya tsira ne ta wasiƙun da ya aika wa masanin taurari Kepler. Blaise Pascal ya fara nasa a 1642, bai cika shekara ashirin ba, don ya rage wa mahaifinsa wahalar lissafin haraji a Rouen. Injinan Pascal da suka rage a duniya ba su kai goma ba, yawancinsu kuma suna gidajen tarihi.

Dangi na farko da mutum zai iya mallaka shi ne na gangar Leibniz. Leibniz ya nuna injinsa a Landan a 1673. Dabararsa ganga ce ta ƙarfe mai haƙora tara, kowane haƙori ya fi na kusa da shi tsawo. Wata 'yar giya tana zamewa a gefen gangar: idan ka tsayar da ita inda haƙora uku ne kaɗai za su same ta, juyi ɗaya zai ƙara 3, idan ka kai ta inda duka taran za su same ta, ya ƙara 9. Wani ma'aikacin inshora a Faransa, Thomas de Colmar, ya yi rajistar injinsa Arithmomètre a kan wannan dabara a 1820, ya fitar da shi kasuwa sosai a 1851. Shi ne injin lissafi na farko da ya zama hajar ofis. A 1878 Arthur Burkhardt ya fara ƙera irinsa a Glashütte, garin maƙeran agogo, daga nan masana'antar Jamus ta tashi. Rheinmetall, Archimedes, Madas da Friden duk jikokin wannan ganga ne.

Dangi na biyu shi ne na faifan Odhner, kuma a nan nake so mai karatu ya fi mai da hankali. Maimakon ganga mai cin wuri, sai aka yi siririn faifai mai haƙora tara da ke ɓuya a cikinsa. Ka ja sandar saiti zuwa 4, haƙora huɗu su leƙo waje, sauran su zauna a ciki. Frank Baldwin ya yi rajistar irin wannan a Amurka a 1875. A daidai wannan zamani Willgodt Odhner, ɗan Suwidin da ke aiki a masana'antar Ludvig Nobel a St. Petersburg, ya tsara nasa, ya fara ƙera shi da yawa a 1890. A 1892 kamfanin Grimme, Natalis na Braunschweig, wanda keken ɗinki yake ƙerawa, ya sayi izinin yin sa, ya sa masa suna Brunsviga. Bayan juyin juya halin Rasha na 1917 gwamnati ta ƙwace masana'antar Odhner. Iyalinsa suka koma Gothenburg suka ci gaba da sunan Original-Odhner, Tarayyar Sobiyet kuma ta ci gaba da ƙera nata da sunan Felix har zuwa 1978. Triumphator, Thales, Schubert, Walther da Tiger ta Japan duk 'yan gida ɗaya ne. A 1932 kamfanin Facit na Åtvidaberg a Suwidin ya ɓoye faifan a cikin akwati, ya sa maɓallai goma a gaba maimakon sanduna.

Dangi na uku ba shi da hannun juyawa don lissafi: danna maɓalli shi ne lissafin. Dorr Felt na Shikago ya haɗa gwajinsa na farko a cikin akwatin katako na taliya, ya yi rajista a 1887, ya kira shi Comptometer. Ana iya danna maɓallai da yawa lokaci guda, shi ya sa ƙwararriyar ma'aikaciya takan yi tarawa da shi cikin saurin da ke ba da mamaki. Kamfanin Felt & Tarrant har makarantu ya buɗe don koyar da aikin.

Na huɗu su ne masu buga amsa a takarda. William Burroughs, tsohon akawun banki, ya samu rajistarsa a 1888, kamfaninsa ya tashi daga St. Louis zuwa Detroit a 1904. Samfuransa na farko suna da gilashi a gefe, kana kallon ƙarafan suna aiki. Olivetti ta Ivrea a Italiya ta kai wannan dangi ƙololuwa da Divisumma 24 a 1956. Sai 'yan ƙanana na aljihu irin su Addiator, da aka fara a Berlin a 1920, waɗanda ake ja da ɗan tsinken ƙarfe. Akwai kuma Millionaire na Otto Steiger, wanda Hans Egli ya ƙera a Zurich daga 1893 zuwa 1935. Shi juyi ɗaya tak yake buƙata ga kowace lamba ta ninkawa, domin jadawalin sau yana sassaƙe a cikin ƙarfensa. Waɗanda aka yi ba su kai 5,000 ba, nauyin kowanne kuma ya haura kilo 30.

Ƙarshensu ya zo da sauri. A 1961 kamfanin Bell Punch na Ingila ya fito da ANITA, kalkuletar tebur ta farko mai aiki da lantarki zalla. Facit, mai ma'aikata kusan 14,000 a 1970, ya durƙushe har Electrolux ta saye shi a 1973. Busicom ta Japan, wadda ita ma ta ƙera injinan hannu, ita ce ta ba kamfanin Intel kwangilar da ta haifar da ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna 4004 a 1971.

Mataki na biyu: ka ja wa kanka iyaka, ka zaɓi injin farko

Ba za ka iya tara komai ba, wuri ma ba zai ishe ka ba. Wasu sukan bi kamfani ɗaya, wasu ƙasa ɗaya. Ni na fi son tsarin inji ɗaya daga kowane dangi, domin tebur guda zai nuna maka tarihin gaba ɗaya.

Injin farko ya zama mai faifan Odhner, na hannu, ƙirar shekarun 1930 zuwa 1960. Original-Odhner 227 ko 239, Brunsviga 13, Walther WSR 160 ko Facit C1-13, duk wanda ya samu. An yi su da yawa, don haka ba su da tsada, nauyinsu bai wuce kilo biyar zuwa bakwai ba, kuma da ka cire murfi za ka ga komai a fili. Na fi karkata ga masu sanduna a kan Facit, domin cikin Facit a cunkushe yake, sabon shiga zai sha wahala. Felix ya fi kowa araha, amma aikinsa bai kai na Suwidin da Jamus laushi ba. Ya dace da wanda ke son abin da zai koyi kwancewa a kansa.

Kada ka fara da mai mota. Kada kuma ka fara da Curta, ɗan ƙaramin injin da zan yi bayaninsa a ƙarshe, komai son da kake masa.

Mataki na uku: inda ake samu

Yawancin cinikin a intanet ake yi, a eBay da shafukan gwanjo na Jamus, Suwidin, Ingila da Amurka. Jamusawa suka fi kowa yawan kaya, kuma kalmar da suke sa wa hajar ita ce Rechenmaschine, da ita za ka nema. Sai dai kuɗin aikowa sau da yawa yakan fi kuɗin injin, ga kuma kwastan. Ka lissafa duka kafin ka taya.

A gida ma akan dace. Bankuna da kamfanonin ciniki da ofisoshin gwamnati sun yi aiki da injinan tarawa kafin zuwan na lantarki. Wurin da ya fi dacewa ka fara tambaya shi ne shagon tsofaffin masu gyaran tafireta, domin su ne suka riƙa gyara su. Sai 'yan jari bola, waɗanda a wurinsu inji nauyin ƙarfe ne kawai. Ka bar musu hoto a waya, ka ce, "Malam, in irin wannan ya shigo kada a fasa, zan biya fiye da kilo." Wannan magana ɗaya tana iya ceto inji daga guduma.

Abin da ya fi cancanta a nema a Najeriya da Gana shi ne injin fam da sule da kwabo. Kafin naira ta zo a ranar 1 ga Janairun 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 kuma fam ɗaya, don haka injin da ke ƙirga goma-goma bai wadatar ba. Comptometer da Burroughs da Bell Punch duk sun yi samfura na musamman. Za ka gane su da layin kwabo da ke kaiwa 11, da layin goman sule mai maɓalli ɗaya tak. Gwajinsa mai daɗi ne: ka sa sule 19 da kwabo 11, ka ƙara kwabo ɗaya, tagogin su share, fam 1 ya fito. Duk wanda ya samu irin wannan da tambarin ofishin da ya yi aiki da shi, ya riƙe shi da kyau, kada ya kankare tambarin.

Mataki na huɗu: gwaji kafin ka biya

A nan ake cin riba ko a yi asara, don haka ka zauna, kada mai kaya ya sa ka gaggawa.

Fara da ido. Ka ƙirga sandunan saiti ko maɓallai, ka duba ko hannun juyawa a miƙe yake, ka duba notin sharewa masu kunnuwa da ke gefen akwatin amsa, wato sashen gaba da ke zamewa dama da hagu. Ƙura da tsohon mai ba matsala ba ne. Tsatsar da ta ci ƙarfe, tsaguwar gindi, da sashen da ya ɓace su ne matsala, domin babu shagon kayan gyaransu. Sashen da ya ɓace sai dai a ciro daga wani injin. Ka kalli kawunan sukurori: idan sun tauye, wani ya riga ka shiga ciki da kayan aikin da ba su dace ba.

Idan hannun ya ƙi juyawa, kada ka matsa. Waɗannan injina suna da makullan kariya da ke hana sassa biyu motsi lokaci guda. Akwatin amsa da ya tsaya tsakanin gurbi biyu yana kulle hannu. Notin sharewa da bai koma mazauninsa ba shi ma yana kullewa. Hannun da aka bari a rabin juyi kuwa yana kulle komai. Ka mayar da kowanne inda ya kamata, sannan ka ɗan ja mariƙin hannun waje ka gwada a hankali. Injina da yawa da ake sayarwa da sunan matattu, wannan ne kawai ciwonsu. Comptometer ma haka: samfuran da suka fito daga baya suna kulle maɓallai idan aka danna wani rabi, sai an ƙarasa danna shi an taɓa jan maɓallin da ke kusurwa kafin su saki.

Idan ya juya, ga gwaje-gwajen. Ka share komai ya koma sifili, ka sa 1 a gurbin dama, ka juya baya sau ɗaya. Tagogin amsa su cika da 9, ƙararrawa ta buga. Ka juya gaba, duk su koma sifili. Wannan yana nuna cewa turawar goma daga gurbi zuwa gurbi tana aiki, kuma nan ne mai ya fi daskarewa. Daga nan ka sa 1 a kowane gurbi, ka juya sau tara kana kallo: 1111, 2222, har 9999, babu wanda ya tsallake ko ya tsaya rabi a taga. Ka sa 9 a kowane gurbi, ka juya gaba ka juya baya, domin a nan ne duk haƙoran ke fitowa, wanda ya maƙale zai tona kansa. Na ƙarshe, ka share komai, ka sa 12345679, ka lura babu 8 a ciki, ka juya sau tara. Amsa 111111111 ce. Ka matsar da akwatin gurbi-gurbi ka maimaita gwajin farko a kowanne.

Idan a intanet ne, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi hoton gaba, baya, ƙasa da lambar ƙira, da ɗan bidiyon gwajin nan na tara-tara. Ka kuma roƙi a ɗaure akwatin amsa da hannun juyawa kada su motsa, a sa a kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya, da abin tausasawa a tsakani. Hannu da akwatin amsa su ne suka fi karyewa a hanya.

Mataki na biyar: gano shekarunsa

Lambar ƙira tana ƙasa, ko a baya, ko a jikin akwatin amsa. A Comptometer tana kusa da maɓallan ƙasa, harafin samfuri a gabanta. Masu tarawa sun haɗa jadawalan da ke danganta lamba da shekara ga manyan kamfanoni. A wasu injinan an buga lambar a wuri biyu, kuma idan suka saba, an haɗa inji biyu ne aka yi ɗaya. Shekarun rajista da ke jikin farantin suna ba shekarar ƙira ba ne, abin da suke nunawa shi ne ba a yi injin kafin ta ƙarshensu ba. Sunan gari ma shaida ne: Odhner mai St. Petersburg ya girmi 1917, Comptometer mai akwatin katako ya girmi 1904, Burroughs mai St. Louis ya girmi ƙaura zuwa Detroit. Gidan tarihi na Arithmeum a Bonn yana da tari mai yawa da za ka gwada naka da shi.

Mataki na shida: wanki da mai

Ka tanadi sukundireba masu kaifi dabam-dabam, ƙaramin buroshi, tsumma mai laushi, kananzir, man keken ɗinki, allura, da 'yan kwanoni na zuba sukurori. Ka ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu. Zaren sukurorin da yawa ba irin na kasuwa ba ne, wanda ya ɓata ba lallai ka samu madadinsa ba.

A karon farko murfi kawai za ka cire. Ka kaɗe ƙura, sannan ka bi giyoyi da buroshin da ka tsoma a kananzir, kaɗan-kaɗan, kana motsa duk abin da ya yarda ya motsa. Tsohon mai yakan bushe ya zama kamar ƙaro, ɗumi kuma yana sassauta shi, don haka ɗan lokaci a hantsi yana taimakawa. Faifan da haƙoransa suka maƙale, ka ɗiga masa kananzir, ka bar shi ya kwana, ka dawo ka gwada sandar da yatsa. Wani sai an yi kwanaki ana haka. Wannan jiran shi ne mafi yawan aikin gyaran, kuma wanda bai iya shi ba gara ya bar injin yadda ya same shi.

Ka nisanta duk wani abin wanki daga lambobin da aka rubuta da fenti, da tambarin zinariya na jikin murfi, da maɓallan roba na da. Sinadari mai ƙarfi yakan wanke su cikin daƙiƙa. Murfi, tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan ya ishe shi, a goge a bushe nan take.

Bayan ya bushe sai mai. Ɗigo ɗaya a bakin allura ga kowace mahaɗa da ke juyawa, ba ƙari. Haƙoran faifai kusan a bushe suke son zama. Man girki yana yin yauƙi ya daskare, man mota ya yi kauri, man feshi na gwangwani kuma yana sassautawa yau ya bar danƙo nan gaba. Duk kada ka sa su.

Idan dole sai ka shiga ciki sosai, ka san abu biyu. Faya-fayan ba iri ɗaya ba ne, kowanne yana da gurbinsa da kusurwarsa, domin turawar goma bi da bi take tafiya daga dama zuwa hagu. Ka sa musu lamba kafin ka zare. Sannan ƙusoshin da ke riƙe giya a kan sanda gefe ɗaya ya fi kauri, ta siririn gefen ake bugawa su fita. Wanda ya buga ta ɗaya gefen ƙara tsuke su yake yi. In aikin ya fi ƙarfinka, mai gyaran agogo ko na keken ɗinki da ke da natsuwa ya fi makaniken mota dacewa.

Ban goyi bayan sake fenti ba. Gurbin da yatsun akawu suka cinye a jikin murfi yana cikin tarihin injin, masu tarawa kuma sun fi daraja fentin asali ko da ya koɗe.

Mataki na bakwai: ka koyi lissafi da shi

Ɗauki 347 sau 26. Ka saita 347, akwatin amsa yana gurbin farko, ka juya gaba sau shida, taga ta nuna 2082. Ka matsar da akwatin gurbi ɗaya, ka juya sau biyu. Amsa 9022, ƙaramar tagar ƙirga juyi kuma tana nuna 26, shaidar cewa ba ka yi kuskuren ƙirga ba.

Tsofaffin ma'aikata suna da hanyar rage juyi. A 347 sau 19, maimakon juyi tara da ɗaya, sai su juya biyu a gurbin goma, su dawo gurbin farko su juya baya sau ɗaya. Juyi uku, amsa 6593. A tsofaffin samfura tagar ƙirga za ta nuna farin 2 da jan 1, ma'ana ashirin ba ɗaya. Sababbi sukan nuna 19 kai tsaye.

Rabawa ɗebewa ce a jere. Don raba 9022 gida 26, ka shigar da 9022 a tagar amsa akwatin yana gurbin farko, ka share 1 ɗin da ya hau tagar ƙirga, sannan ka matsar da akwatin zuwa gurbi na uku yadda 90 zai zo daidai da gurabe biyu na dama na saiti. Ka saita 26, ka yi ta juyawa baya har ƙararrawa ta buga, alamar ka zarce. Ka juya gaba sau ɗaya, ta sake bugawa, ƙirga ta tsaya a 3. Ka dawo da akwatin gurbi na biyu ka maimaita, 4 ta fito, ka sake, 7 ta fito, tagar amsa ta koma sifili. Idan hannunka ya saba, gwada 355 a raba 113, za ka ga 3.141592 tana fitowa lamba bayan lamba.

A Comptometer kuwa, ka shafa maɓallan da yatsa: na mara suna da ɗan rami, na cika a shafe suke, don mai aiki ya gane inda yake ba tare da kallo ba. Ƙwararru ba sa cika hawa sama da 5, in suna son 9 sai su danna 4 da 5. Shi ya sa Bell Punch ta yi ƙaramin injin Plus da maɓallan 1 zuwa 5 kawai. Ƙananan lambobin da ke gefen manya a kan maɓallan Comptometer na ɗebewa ne.

Masu mota da wurin ajiya

Idan ka kai ga Marchant ko Monroe ko Friden masu mota, ka tuna na kasuwar Amurka wutar bolt 110 zuwa 120 suke sha, tamu kuwa 230 ce, dole sai da tiransifoma. Kada ka jona wanda bai juya da hannu ba tukuna, domin mota ba ta san ta tsaya ba, haƙori za ta karya ko ta ƙone. Tsohuwar waya a sauya ta, mai gyaran lantarki ya duba cikin kafin a kunna.

Ajiya tana son busasshen wuri, nesa da ƙasa da taga. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama abin da ke cin ƙarfe, danshin damina kuma yana kawo tsatsa, don haka kowane inji ya samu murfin yadi, ba leda ba, leda tana tara gumi. Masu akwatin katako a riƙa duba su saboda gara. Duk wata ka juya kowanne, ka bar shi a sifili. Ka buɗe littafi ka rubuta samfuri, lambar ƙira, inda ka samo, nawa ka biya, abin da ka gyara, da duk labarin da mai kaya ya ba ka game da ofishin da injin ya fito.

Sai Curta

Curt Herzstark ɗan Viyana ne, mahaifinsa mai masana'antar injinan lissafi. Ya yi rajistar dabararsa a 1938: ganga ɗaya ta Leibniz a tsakiya, duk gurabe suna kewaye da ita. 'Yan Nazi suka kama shi a 1943 suka kai shi sansanin Buchenwald, a can ya kammala zanen injin. Bayan an 'yantar da sansanin a 1945, Yarima Franz Josef na Biyu na Liechtenstein ya gayyace shi, aka kafa kamfanin Contina a Mauren. An yi kusan 140,000 kafin a daina a farkon shekarun 1970. Samfuri na ɗaya yana karɓar lambobi 8 ya ba da amsa mai 11, nauyinsa wajen giram 230. Na biyu, da ya fito a 1954, yana karɓar 11 ya ba da 15. 'Yan safiyo da masu tseren mota sun daɗe suna riƙe da shi bayan zuwan lantarki.

Farashinsa yakan haura dala dubu, don haka ka yi masa duk gwaje-gwajen da suka gabata. Murfin gwangwaninsa na ƙarfe zarensa a juye yake, ta hannun agogo ake buɗe shi. Hannunsa gefe ɗaya kawai yake juyawa, ta hannun agogo, in za a ɗebe sai a ɗan ɗaga shi sama. Zoben sharewa yana da matsaya biyu, in ya tsaya a tsakani hannun ba zai motsa ba. Ka duba zoben da kyau, domin shi ya fi karyewa. Lambar ƙira tana ƙasan injin. Sassansa sun kai wajen 600, wasu an daidaita su da hannu ga wannan injin kaɗai, don haka idan ya cije, a aika shi wurin wanda ya ƙware a gyaran Curta, kada a kwance shi a gida.